Yatsu Takwas

Garejinmu na bakin hanyar Ƙwanni, in za ka fita Tawa.
Nan na bar yatsa biyu ƙarƙashin tsohuwar Fijo,
ran da dutsen da muka tokare ta da shi ya gaji.
Aka ce ƙaddara. Ni ma na ce ƙaddara.
Aka naɗe hannun da tsumman baƙin mai.

Bana sai ga Madam Sahiya ta ofishin ƙwadago.
Arzika ya ce, ɓoye ciniki, haraji ne.
Ba ta tambayi ciniki ba.
Hannuna ta duba, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa.

Sau uku muka zauna, su da mu da sandika,
shayi na tafasa, gardama na tafasa.
Su ce doka, mu ce ina kuɗi,
su ce tabarau, mu ce ku sa shi da bazara ku gani.
Daga baya suka ɗau rabi, muka ɗau rabi,
Nomau mai walda ya ƙera ƙafafun ƙarfe arba'in.

Ba ni ƙarya: tabarau na rataye ga ƙusa
sai an hango motarsu.
Tulun kashe wuta, kaza ke ƙwai bayansa.

Amma jiya kirik ya saki,
Illa ɗan Arzika na kwance ƙarƙashi.
Mota ta sauko, ta zauna kan ƙarfen Nomau,
ta tsaya.
Yaro ya rarrafo yana dariyar tsoro,
yana kakkaɓe hannu.
Na ƙirga.
Goma.