Kwatancen Gida

Ƙarfe tara an watse a Fam Santa,
ni kaɗai na rage a shagon Ɗanliti,
ni da warin dalma, da fanka mai ciwon wuya,
da kwamfutar da wani ya jinginar bai dawo ba.

Abin da nake nema kaɗan ne:
manhajar da za ta riƙe mana lissafi,
wa ya kawo waya, me ke damunta, nawa ya bayar,
don littafin shago ya sha shayi
har sunayen watan jiya sun narke.

Na ce mata: tambayi kuɗi, sannan suna.
Ta tambayi kuɗi, na ba ta dubu uku, na danna.
Sunan kuwa ta tsallake shi kamar kwata,
ta nuna min fili fari fat, wai an gama.
Kwana biyu ina tsine wa inji,
ashe dannawar nan tawa ce ta kwana a zaure,
ta amsa sallamar da ba tata ba.

Na share zaure. Sai ga Hajiya Azumi:
ta karɓi Hajiya, ta wurga Azumi
cikin gurbin lambar waya.
Sai ga Abdurrazaƙu Ɗan'asabe Gwammaja.
Ɗaki mai harafi goma sha biyar na yanka masa,
ya miƙe ƙafa har cikin na maƙwabci,
ya take kuɗin gyara,
dubu uku ta tashi miliyan tara.

Bara'atu 'yar kawuna ta turo saƙon murya:
"Sagiru, manuni ba gida ba ne, kwatancen gida ne.
Kamar ka rubuta wa mai a-daidaita-sahu:
Gyaɗi-Gyaɗi, bayan masallaci, ƙofa ta uku.
Takardar ba ta da ɗaki, ba ta da rijiya.
Tauraron nan da kake sawa,
shi ne ka sauka ka ƙwanƙwasa."

Na ce na gane. Ƙarya nake.

Na miƙa wa direba takarda ban rubuta komai ba,
ya kai ni inda fasinjan jiya ya sauka,
gidan mutane, tsakar dare.
Inji ya cafke ni, ya kashe komai,
layi ɗaya ya bar min, ko ban haƙuri babu.
Na rushe gida da hannuna,
na kuma aika masa wasiƙa.
Na manta alamar nan mai kama da ƙullin zariya,
wandon aikin duka ya zube.

Sai idona ya faɗa kan durowa.
Kowace waya a ledarta:
ita, da batir, da sim, da 'yar takardar mai ita,
an ɗaure da kyauro.
To ai ƙunshin da ake ta faɗa ke nan!
Shekara huɗu ina ɗaura shi ban san sunansa ba.
In ledar na hannunka, ɗigo ya isa ka buɗe;
in lambar durowa kawai aka ba ka,
sai ka bi kibiya.

Duk da haka na rubuta "an biya" a kan kwafi,
Hajiya Azumi na nan da bashinta.
Hoto na yi wa wanka,
mai hoton bai ga ruwa ba.

Ɗaya saura na dare ta karɓi suna uku lafiya.
Na tashi na zaga kujera, ba mai gani.
Na huɗu ya kayar da ita.
Aka ɗauke wuta, fanka ta huta,
batir ya ce saura minti goma sha ɗaya.

Da safe Ɗanliti ya shigo da sabon littafi,
mai bango ja, da biro ɗaure da zare.
Na karɓa, na ja masa layuka,
na lambata shafin farko sifili.
Ya dube ni, ya ce, "Lafiyarka kuwa?"
Na ce, "Oga, bar min makulli yau ma."