Cima Ce Idona

Shekara goma sha tara ina yagar tikiti
a ƙofar sinima, can wajen Zango,
har aka garƙame ta da kwaɗo,
ta koma ma'ajiyar siminti da buhunan wake.
Yanzu yana ta rufe min ido biyu,
duniya fari fat, kamar nono a ƙwarya.
Amma kada wani ya ce ban kalli fim ba bana.

Cima ce idona, ƴar ɗana.
Ran Alhamis takan karɓi dala ashirin
ta kai wa Mutari a bakin kasuwar Dole
ya tura mata sabo a waya.
Bayan lisha, in masu wuta sun yi adalci,
mu jingina da dutsen tsakar gida
wanda bai gama huce rana ba.
Waya na magana, Cima na ba ni hoto:
"Kaka, ya shigo. Hularsa a karkace.
Kaka, ko kallonsa ba ta yi ba."

To ga lissafina, mai gardama ya matso.

Akwai na direban da motarsa ta mutu
bayan Tanut, nesa da kowa,
fasinja goma sha ɗaya, jarka ɗaya.
Wannan ban nemi bakin Cima ba.
Ƙarar murfin jarkar ta ishe ni;
ɗan Damagaram ya san yadda ake buɗe ruwa
a hankali, ana ƙirga maƙogwaro.
Sau uku na sa aka maimaita.

Na mai gadin da aka ɗauka likita ne,
ya duba mutum arba'in da tocila,
na yi dariya har haƙorina mai girgiɗi
ya faɗa cikin shayi.

Barma ya rantse na rawa ne ya ci shekara.
Barma kurma ne, ƙafafu yake kallo.
In an haɗa ni da shi a sami ɗan kallo guda,
sai dai ba mu taɓa jituwa ba.

Wanda ya zauna min a ƙirji kuwa
na tsohon nan ne da ɗansa ya tafi Libiya.
Ƙarshensa ba magana, kiɗa kawai,
sai muryar Cima, ƙasa-ƙasa:
"Ya dawo, Kaka. Ga shi a zaure da jaka.
Ya rame, amma shi ne."
Daren nan na yi barci har hantsi.

Bayan kwana tara, a gindin maina,
Barma ya daka min tsawa a kunne
yadda yake wa kowa:
"Wa ya dawo? Tsohon na tasha a zaune
har sunaye suka hau!"

Ban ce wa Cima komai ba.
Ubanta, Ilu, shekara huɗu ke nan.
Kiransa na ƙarshe daga Sabaha ne,
ya ce a saya mata takalmin makaranta.

Yanzu Mutari na ta baza labari:
kashi na biyu zai fito bayan Layya,
da wani na ƴan kokawa,
da na aljanin da ya buɗe shagon caji.
Samarin fada har sun fara caca
kan wa zai mutu, wa zai auri wa.
A watan ne kuma, in ji malamar asibiti,
likitocin ido za su sauka,
sunana na talatin da shida a takarda.

In Allah ya sa an kankare,
zan riƙe wayar da hannuna,
in ga tsohon, in ga tashar,
in ga ko ya yi kama da ni.
Amma in kiɗan ƙarshe ya taso
zan runtse,
in ce, "Cima, ƙura ta shige min.
Faɗa min, me ya faru?"