Rufin da Tattabaru Ke Nema

Tun la'asar teku ya yi shirun mai shirin faɗa.
Zafi ya manne wa fata kamar rigar aro,
a watan da ya kamata a ce ana laluben bargo.
Na hau bene na ƙirga su: talatin da ɗaya.
Ba wadda ta taɓa hatsi.
Shuɗiyar nan mai tabo a wuya
ta ba ruwa baya, ta ƙura wa arewa ido.

Odalis ta ce in sauko, shinkafa da wake na hucewa.
Na ce ina zuwa.

Sai aka ɗauke wuta.
Sai ƙara.
Ba tsawa ba ce, tsawa tana tsayawa ta numfasa.
Wannan jirgin sama ne da ya rasa filin sauka
ya zaɓi layinmu.
Kunnuwana suka toshe.
Muka shige ƙarƙashin matakala, ni da ita da tukunya,
don ta manta tana riƙe da ita.
Na ji kwanon rufi yana yagewa kamar tsohon zane,
ƙusoshi suna sallama da katako ɗaya bayan ɗaya,
tankin ruwan maƙwabci ya bi ta kanmu yana gunji.

Ban kai ƙarshen addu'ar da na fara ba
aka gama.

Gari ya waye wa Regla kamar aljihun da aka zazzage.
Bas tana kwance a kan haƙarƙarinta.
Turakun lantarki sun durƙusa, wayoyi sun zama taliya.
Firjin Yuniel a tsakiyar titi, ƙofa buɗe,
ƙwai shida a ciki, ba wanda ya fashe.
Tsallaken titi, gidan Eulalia,
ko tukunyar furen taga ba ta gusa ba.
Tana tsaye a ƙofa, kunya ta hana ta kallonmu.
Tsoho Remigio mai gyaran keke kuwa,
bango ya iske shi a gado.
A kan ƙyauren ɗakinsa aka fito da shi,
aka bi da shi ta gaban cocin bakin ruwa,
jirgin fito yana jira, ba mai shiga.

Da hantsi Malama Nereida,
wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana koyar da labarin ƙasa,
ta zauna kan bulo da kofin gahawa.
Ta ce: iska mai ɗumi ce ta taso daga teku,
ta sha ruwa ta yi nak.
Mai sanyi ta gangaro daga arewa,
ta kutsa ƙarƙashinta, ta cira ta sama.
Ta sama na gudu wata nahiya, ta ƙasa wata,
tsakaninsu iska ta naɗu kamar tabarma,
mai hawa ta kama naɗin ta tsayar da shi da ƙafarsa.
Ta juya cokali da sauri.
Rami ya buɗe a tsakiyar gahawar.
Ta ce, ka gani?

Na gani.
Na ce, to me ya sa wannan gefen titi, ban da wancan?
Ta dubi kofin.
Ta shanye.

Da yamma suka dawo. Tara.
Suka yi ta kewaya sararin da benen yake jiya,
daidai tsayinsa, ba sama ba, ba ƙasa ba,
suna miƙa ƙafafu za su sauka
a kan abin da babu.
Na tsaya cikin ɓaraguzai na buɗe tafin hannu,
na yi fiton da suka sani.
Ba su yarda da ni ba.
Ni mutumin sama ne a wurinsu,
wannan na ƙasan baƙo ne.

Odalis ta ɗumama shinkafar jiya a kan katakon ƙofarmu.
Na ci a tsaye, ina kallon arewa.
Shuɗiyar ba ta cikin taran.
Na sake ƙirgawa duk da haka.