Hutun Sanyi a Ƙofar Marusa

Daga Kumasi na taso, kwana biyu da yini a mota,
ƙafafuna sun tashi kamar ƙullin waina da ya kwana.
A jakata akwai kwalbar shito, baƙin yajinmu na zango,
da 'yar takarda da Baba ya rubuta, hannunsa na rawa:
Ƙofar Marusa, shagon Mamuda mai gyaran rediyo,
daga nan ki tambayi Tabawa, ƙanwata.

Shagon ya koma wurin cajin waya.
Tabawa kuwa tana nan.

Na ce wa yaran ƙofar gida, "Gwaggo yana ciki?"
Suka tuntsire, ɗaya har da faɗuwa zaune.
A zangonmu mace da namiji duk "ya" muke ce musu,
a nan sai da na koyi "ta" da "ki"
kamar 'yar aji ɗaya, ni mai shekara ashirin da uku.

Ba wanda ya gaya mini sanyi yana da haƙora.
Da asuba butar alwala ta cije ni a gwiwar hannu,
na koma ɗaki da zani uku da safar Lawisa.
Gwaggo ta turo kaskon wuta da ƙafa:
"Matso, ɗiyar Kurmi, mi kika gani tukuna?"

Koko mun san shi, mu ma da shi muke tashi,
amma kunun tsamiya ya yi mini wata magana dabam,
ya murɗe kuncina, sannan ya lallashe shi.
Ɗumamen tuwon dawa ya zo daga baya,
miyar kuka ta kwana ta ƙara hankali,
daddawa tana gaishe ka tun daga zaure.

Da rana ta ɗan sake, Dudu ta sauke ƙwarya,
ta dama, ludayi na ƙwanƙwasa gefe kamar mai sallama.
Na ce fura. Gwaggo ta ce hura.
Na sha, na yarda da ita.

Lawisa ta kai ni gindin Gobarau,
na ɗaga kai har ɗankwalina ya zame.
Amma abin da na riƙe daga ranar
ɗanwaken wata tsohuwa ne a lungu,
man gyaɗa yana sheƙi, tsinke ɗaya mu biyu,
ina lissafin naira da sidi a kaina, ina ɓatawa.
Rake ya yanke mini leɓe.
Goruba ta nemi haƙorina na gaba, na janye.

Dare na tara na fito da kwalbar.
Gwaggo ta lakato da yatsa, ta kai baki,
ta yi tari, ta nemi moɗa,
idonta ya kawo ruwa, ya ƙi tsayawa.
"Wanga abin ne ya riƙe yayana shekara arba'in?"
Ban amsa ba.
Gaushi ya yi ta ƙara a kasko shi kaɗai.

Kwana uku bayan nan na same ta a madafi,
ta juya baya, tana shafa shi a kan ɗumame.
Na yi kamar tsintsiya na zo nema.

Ranar tafiya kwalbar ta dawo hannuna a wanke,
an cika ta da yajin ƙuli, an ɗaure bakin da tsumma.
Ga ƙunshin daddawa, ga kilishi a takardar siminti.
"Ki ce mishi ɗakinsa akuya ke kwana ciki,
in ya zo za mu kore ta."

A tasha yaron mota ya ce, "Wa ya rako ki?"
Na ce, "Gwaggo ce, ga ta can,"
ban ko yi tuntuɓe ba.
Tana tsaye da mayafi biyu, ba ta ɗaga hannu ba,
tana kallon jakata
kamar ita ce mai tafiyar.