Shaidar Tururuwa

Shekara goma sha ɗaya ina haɗiyar maganina
kafin kwale-kwale su dawo gaɓar Nkhata Bay.
Ƙanjamau ta kwanta, har awo ba ya ganinta.
Sai ga ƙishirwa.
Ni da ke zaune bakin tafki guda,
na sha, na ƙara, maƙogwaro kamar garwashi.
Dare ɗaya, fita biyar.
Zanena ya fara yi mini yawa.

Takardar asibiti ta ce sukari lafiya lau.
Tururuwar bayan ɗaki ta ce ƙarya ne.

Sista Wezzie ta cire tabarau.
"Nyachirwa, wannan awon jajayen ƙwayoyin jini yake tambaya
labarin wata uku.
Naki wasunsu ba sa kai wata ukun.
Wanda ya bar kasuwa da hantsi,
ina zai san cinikin la'asar?
Gobe ki zo ba ki karya ba. Ko shayi."

Na zo. Ta ɗebi jini,
ta miƙo ruwan da ya fi rake zaƙi,
ta ce in zauna awa biyu.
Na zauna a benci, hankalina na kan kifin da na shanya,
ba mai korar masa ƙuda.

Da lambar ta fito ba ta yi murmushi ba.
Ni ce na yi,
don yau an gaskata ƙishirwata.

Yanzu ƙwaya biyu ce da asuba,
tuwon rogo ya koma rabin malmala,
tururuwa kuwa ta kwashe kayanta
ta koma gindin mangwaro.