Daren Kasafi a Wusasa

An ɗauke wuta tun la'asar.
Na kunna 'yar fitila, na buɗe littafin lissafi,
ni Liyatu 'yar Barnaba, ma'ajiyar gunduma shekara tara.
Gobe da ƙarfe goma kwamiti zai zauna.

Ikilisiya goma sha ɗaya muke riƙe da su.
Uku na cikin gari, baikonsu ta waya yake shigowa,
ƙarar saƙo kawai nake ji.
Takwas na ƙauye, nasu a ƙulle cikin leda yake zuwa:
'yan ɗari-ɗari masu ƙamshin daddawa,
wata an liƙe ta biyu, wata ɓera ya ɗanɗana gefenta,
da buhu biyu na masarar godiyar kaka,
da zakaran da ya kwana uku ɗaure a bayan ofis
don na rasa layin da zan rubuta shi.

Na fitar da kason dayosis, wannan ba a taɓa shi.
Na fitar da albashin limamai huɗu, da fansho,
da man motar rangadi.
Abin da ya saura, tafin hannuna ya rufe shi,
ga takardun roƙo bakwai sun yi layi
kamar masu jiran likita ranar Litinin.

Mutanen gari na son tayil da fanka.
Sun ce su ne masu zubi mai nauyi,
kuma gaskiyarsu, ni ce shaida.
Zumuntar mata na son injin markaɗe,
matasa na son amsa-kuwwa.
A can ƙarƙashin tarin, ga ta Malam Yunana mai bishara,
da fensir, a bayan takardar jarrabawar ɗansa:
"Taya biyu da sarƙar babur.
Tun Yuli a ƙafa nake zaga majami'a uku.
Ran Lahadi nakan isa ta ƙarshe rana ta karkata,
in tarar tsofaffi sun rera duk waƙar da suka haddace,
sun koma ta farko suna jirana."

Bara ma ta zo.
Aka ɗaga hannu, tara da huɗu,
sakatare ya rubuta: an ɗage zuwa zama na gaba.
Babu dattijon da ya kai kalmar nan daɗewa a kwamiti.

Tsarin shekara biyar na nan rataye a bango.
An soka jar allura a kan kowane ƙauye
da za a gina aji da ɗakin shan magani.
Allurai sun yi tsatsa,
gizo-gizo ya bi ya haɗa su da zare,
shi kaɗai ya fara aikin.

Ba na zargin kowa.
Dattijo Filibus zai tashi da kundin doka,
kuma ba don shi ba, da tuni kwarya ta fashe.
Zani ne bai kai ba: a rufe kai, ƙafa ta fito.

Doka ta ce ma'aji ba ta da ƙuri'a,
karantawa ce tata kawai.
To, amma ba ta faɗi wadda za a fara karantawa ba.
Na zaro takardar fensir, na ɗora ta a sama,
kafin makogwaro ya bushe,
kafin ƙamshin shinkafa ya shigo ta taga ya raba hankali.
Ba zan taƙaita ba. Da bakinsa zan karanta,
har wurin da ya goge ya sake rubutawa.

Dutsen Kufena ya fara fitowa daga duhu.
Zakara ya yi cara, na tuna da shi,
na ja sabon layi da jan biro:
Sarƙar babur, zubin farko, zakara ɗaya.