Teku a Bayan Coci

Malama Zigwai ta cika daro da ruwa,
ta ce, "Yau wannan ne teku."
Da tsinke muka ja hanya a ƙasa,
marfin kwalba Antakiya,
ɓawon gyaɗa Kubrus.

Dogara ya ɗaure kara da zare,
ya kafa ledar biskit: ga jirgi.
Muka hura, muka hura
har ya kife.
Kuyet ta ɓare baki:
"Manzon ya iya iyo?"

"Ya fito, ya ci gaba a ƙafa."
"Kamar nan da Kafanchan?"
"Ya fi."

Sai akuyar maigadi ta zo
ta shanye rabin tekun.

Da aka tashi, a Sabon Tasha,
na ƙi hawa keke.
Har gida ina ƙirga takuna.